Yadda Tururi Ke Tayar da Loɓar Katako

A Daura, matasa kan taru da yamma a teburin sunuka. Wani lokaci sabuwar sanda kan bugi gefen tebur ta loɓa, mai ita ya ruga neman samfefa. Kuskure ne babba, domin abin da aka kankare ba ya dawowa.

Katako tarin siraran bututu ne, waɗanda ruwa ke bi lokacin da bishiya take raye. Bugu matse su kawai yake yi. Idan aka ɗiga ruwa a wurin, aka rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, aka ɗora bakin dutsen guga na 'yan daƙiƙoƙi, ruwan kan kai digiri 100 ya zama tururi. Zafi da laima su tausasa bangon bututun, ya kumbura, loɓar ta taso. A maimaita sau biyu ko uku, amma ɗalibi ya fara gwadawa a guntun katako.

In kuwa zaren katakon ya yanke, tururi ba zai haɗa shi ba, sai kafinta. Bayan an gama, a bar sandar ta bushe a inuwa, musamman da hunturu, kada ta lanƙwashe.