Gyaran Gida: Kada Ka Ƙawata Bango Ka Ɗaure Kanka

TAMBAYA

Injiniya, ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Gidan da muke zaune gidan gado ne. Ɗakuna biyu suna yoyo, katangar baya ta tsage, sannan uwargida tana son a shimfiɗa tayil a kuma yi silin na zamani a falo kafin bikin 'yarmu ta fari. Wani banki ya yi mini tayin bashin da za a riƙa cira daga albashina tsawon shekara uku. Bayan na tashi daga ofis ina koyarwa a wata makaranta har magariba, kuma na daɗe ina burin ajiye wannan aiki na biyu in kula da gonata. In karɓi bashin a yi aikin gaba ɗaya a huta, ko in dakata?

AMSA

Malam, Allah ya sanya alheri a bikin, ya kuma buɗa. Irin wannan tambaya ta sha zuwa mini, kuma kusan duk mai yin ta farashin siminti da na tayil kawai yake kallo. Alhali wanda ya taɓa gyaran gida ya san abu uku ake biya: kuɗin aljihu, lokaci da ƙarfin jiki, sai kuma 'yancin da mutum yake da shi na juya rayuwarsa yadda yake so. Na farkon ne kaɗai magini zai rubuta maka a takarda. Sauran biyun kai za ka lissafa da kanka, kuma su ne suka fi daɗewa ana jin nauyinsu.

Kafin komai, gidan na waye?

Ka ce gidan gado ne. An raba, ko har yanzu na magada ne gaba ɗaya? Idan ba a raba ba, duk abin da ka zuba a ciki ka zuba shi ne a dukiyar da kake tarayya da wasu. Ranar da aka zo rabo, gidan za a yi wa kuɗi yadda aka same shi, kuma idan babu rubutu da shaidu, da wuya a ware maka abin da ka kashe ba tare da ɓacin rai ba. Na ga zumuncin da ya lalace a kan haka. Saboda haka ka tara 'yan'uwanka, ka faɗa musu abin da kake son yi, a rubuta, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Babu abin kunya a rubutu tsakanin 'yan'uwa, shi ne ma yake tsare zumuncin.

Raba aikin gida uku

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ka riga ka faɗa. Ayyukan da ka lissafa ba matsayinsu ɗaya ba.

Kashi na farko shi ne gyaran ceto: rufi, katanga, magudanar ruwa, shadda da wayoyin wuta da suka tsufa. Waɗannan in an bar su ƙaruwa suke yi. Kwano ɗaya da ya huje bana, baɗi ya ruɓar da katako, ya zubo da silin, ya jiƙa bango har filasta ta fara sauka. A Kano ruwa yana kankama ne daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, don haka aikin rufi na rani ne, a gama shi kafin ƙarshen Afrilu. Sau da yawa ba sai an kware rufin duka ba. Kafinta mai gaskiya zai hau ya nuna maka fallayen da suka mutu da ƙusoshin da suka saki.

Tsagar katanga kuma kada ka yi gaggawar toshe ta. Ka shafa siminti kaɗan a kan tsagar a wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka jira makonni. Idan shafen ya sake tsagewa, katangar tana motsi, kuma matsalar tana ƙasa, galibi ruwan da ke kwanciya a gindinta ne yake cin tushe. Tsagar da ke bin layin bulo kamar matakala, ko wadda ta fi faɗi a sama, tana buƙatar idon injiniya mai rajista. A nan ba a jinkiri, musamman idan yara suna wasa a wurin ko maƙwabci yana kwana a bayanta.

Kashi na biyu shi ne gyaran da ke mayar da kuɗinsa: tankin ruwa da zai rage sayen ruwan 'yan garuwa, 'yar ƙaramar sola da za ta ɗauki fitilu da fanka ta rage sayen fetur, taga da za ta shigo da iska. Irin wannan ana iya auna shi. Ka raba kuɗinsa da abin da zai rage maka a wata, ka ga wata nawa zai fanshi kansa.

Kashi na uku shi ne ado: tayil, silin na zamani, fitilun ƙawa, ƙofar waje mai zane. Ado halal ne, kuma gida mai kyau yana faranta rai. Amma ƙa'idata a kansa ɗaya ce: da kuɗin hannu ake yinsa. Tayil ɗin da ba a sa bana ba, babu abin da zai ɓata kafin baɗi.

Auna farashi da watannin rayuwarka

Ga lissafin da nake so ka zauna ka yi da alƙalami. A ce albashinka naira 150,000, bayan abinci da kuɗin makaranta da na mota da wuta da magani abin da ke saura 30,000. A ce duka aikin zai ci naira 1,800,000. Ka raba, za ka samu wata 60, wato shekara biyar na duk rarar da kake samu. Idan rufi da katanga kaɗai za su ci 450,000, wata 15 ke nan. Ka sa naka alƙaluman a gurbin waɗannan. Wanda ya ga farashin falo a matsayin shekarun rayuwarsa, tunaninsa yakan sauya.

Yanzu dubi bashin. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa 27.5 cikin 100, kuma bankunan kasuwanci sama da wannan ma'auni suke ba ƙaramin mai karɓar bashi. A ce an ba ka 1,800,000 a kan 30 cikin 100 na shekara uku. Kowane wata za a cire kusan 76,000, jimilla ka biya kusan 2,750,000. Rabin albashin da muka misalta ya tafi tun kafin ya shigo hannunka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta hana a cire wa ma'aikaci fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa a wata, kuma ko wannan ɗaya bisa ukun nauyi ne ga mai 'ya'ya biyar.

A nan ne maganar 'yanci ta shigo. Ranar da ka sa hannu a takardar bashin, ka sa hannu ne cewa shekara uku ba za ka iya ajiye koyarwar yamma ba. Gonar da kake buri za ta jira damina uku. Idan aka yi maka canjin wurin aiki da bai yi maka ba, ba ka da bakin magana. Idan mahaifiya ta kwanta ciwo, ko albashi ya makara, babu inda za ka juya sai wani bashin. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki. Mutumin da yake fita tun asuba ya dawo bayan isha'i don biyan kuɗin falo, yaushe zai zauna a falon?

Idan bashin ya zama dole

Akwai halin da bashi yake da hujja: rufi yana zuba, damina ta ƙarato, hannu babu komai. To, a ci shi daidai gyaran ceto, kada a ƙara ko sisi don ado. Fara da hanyoyin da suka fi sauƙi: adashi, ƙungiyar gama kai ta wurin aikinku, ko rancen ɗan'uwa da aka rubuta lokacin biyansa. Ka duba takardar albashinka; idan ana cire maka 2.5 cikin 100 na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, kana da damar neman bashin gyaran gida a Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, kuma kuɗin ruwan asusun 6 cikin 100 ne a shekara. Wanda yake guje wa kuɗin ruwa gaba ɗaya saboda addini, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. A tsarin murabaha banki ne yake sayen kayan ya sayar maka da ribar da kuka amince, ka biya kaɗan-kaɗan. Duk da haka bashi ne, sai ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya kafin ka amince. Manhajojin bashi na waya kuwa ka nisance su, wa'adinsu gajere ne, ribarsu mai nauyi.

Tara kaya maimakon tara kuɗi

Na san abin da za ka ce: in na jira, kaya za su tashi. Kana da gaskiya. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti da ake saye kusan 5,000 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Maganin wannan shi ne ka mayar da rararka kaya tun tana hannu. Duk lokacin da ka ɗauki adashi, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayi abin da ba ya lalacewa: kwano, rodi, bututun ruwa, waya mai kyau. Siminti ne kawai ba a ajiyewa, domin yana shan danshi ya daskare. Ka saye shi dab da aiki, ka ɗora shi a kan katako nesa da bango. Tayil kuma a saye shi lokaci guda, da ƙarin kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, domin in ya ƙare a tsakiyar aiki da wuya ka sami launinsa sak.

Lokacinka ma kuɗi ne

Aikin gini yana son idon mai shi. Mai aiki biyu kamarka ba zai iya tsaron aiki huɗu a lokaci guda ba, kuma aikin da ba a tsaya a kai ba sau biyu ake biyansa. Ka yi ɗaya bayan ɗaya, ka daidaita babban aikin da lokacin hutunka na shekara. Ka nemi farashi daga masu aiki uku, ka je ka ga aikin da kowannensu ya taɓa yi. Jinga ta fi kuɗin yini ga wanda ba ya zaune, amma a rubuta abin da jingar ta ƙunsa, a biya mataki-mataki, a riƙe wani kaso sai an gama an duba. Ka ware ƙarin kashi 15 zuwa 20 cikin 100, domin tsohon gida in an buɗe shi ba a rasa abin da ba a zata ba.

Akwai abin da kai da samarin gidanka za ku iya: fenti, kwashe ƙasa, ba sabon gini ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, wanda shi ne yake ba siminti ƙarfinsa, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da shi da wuri. Wayar wuta, fasa bango da ɗora bene kuwa na masu sana'ar ne. Idan gyaran zai sauya fasalin ginin ko ya fito da shago bakin titi, sai da izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA.

Maganar uwargida da biki

Buƙatar uwargida ba abin rainawa ba ce. Ita ce take wuni a gidan, ita ce za ta tarbi baƙi, kuma kowace uwa tana son a zo bikin 'yarta a ga gida fes. Ka zauna da ita, ka buɗe mata lissafin nan duka, har da watannin. Ka tambaye ta wanne ta fi so: tayil yanzu da miji mai dawowa bayan isha'i shekara uku, ko fenti mai kyau da sabuwar leda da labule yanzu, tayil ya biyo baya ba bashi. Matan da aka nuna wa gaskiyar aljihu sukan fi maza iya tattali. Ka kuma tuna bikin da kansa yana da nasa nauyin na kayan ɗaki da gara, bai kamata ya haɗu da cirar banki a wata ɗaya ba.

Shawarata a taƙaice, Malam: a rubuta yarjejeniya da magada, a gyara rufi da katanga kafin ruwa ya sauka, a yi fenti don biki, a bar tayil da silin sai kuɗinsu ya taru. Ka bar abin da zai riƙe gidanka wata uku a ajiye, kada ka taɓa shi don gini. Kada ka karɓi wannan bashi na shekara uku. Sannu ba ta hana zuwa, kuma gidan da mai shi yake kwana da kwanciyar hankali ya fi wanda ake yabawa daga waje. Allah ya rufa asiri, ya ba ka ikon komawa gonarka.