Kada Jirgin da Ba a San Dalilin Hukuncinsa Ba Ya Bi Ta Kan Gari

Tun da kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin Ruwanda da jirage marasa matuƙi a 2016, ya shiga Ghana a 2019 da Kaduna a 2022, abin da ya fi damun mu masu aikin kiyaye lafiyar waɗannan jirage shi ne lokacin da wani abu ya lalace a sama. Farfela kan tsage, batir kan gaza, GPS kan ɗauke. Cikin ƙiftawar ido manhaja za ta zaɓa: ko jirgin ya koma gida, ko ya nemi fili ya sauka, ko ya buɗe laima. A ganina, duk manhajar da ta koyi wannan zaɓi daga bayanai, wajibi ne injiniya ya iya karanta dalilinta.

A 2014, Mueller da D'Andrea na jami'ar ETH da ke Zurich sun nuna cewa jirgi mai farfela huɗu zai iya ci gaba da shawagi bayan ya rasa ɗaya, muddin aka bar shi yana juyawa. Amma sai ya gane wacce ce ta lalace. Tsarin da ake kira bishiyar hukunci yakan shimfiɗa ƙa'idarsa a fili: inji na uku ya canza yadda yake jan wuta, jijjiga ta ƙaru, jirgin ya karkata ta wannan ɓangaren, to matsalar tana can. Injiniya zai duba ya amince ko ya gyara. Rufaffiyar manhaja kuwa amsa kawai take bayarwa. Idan ta koyi ɗaukar guguwa a matsayin lalacewa, ba mai sani sai jirgi ya faɗo.

Wasu za su ce rufaffiyar ta fi ƙwarewa. Wajen gane hoto, haka ne. Amma a nan alamomin kaɗan ne, misalan lalacewa na gaske kuma ba su da yawa, don haka tsari mai sauƙi ba ya baya sosai. Wasu kuma za su ce ba mai lokacin karanta dalili jirgi na faɗowa. Ai karatun kafin tashi ake yinsa, da kuma bayan hatsari. Mutane 346 sun rasu a jiragen Boeing 737 MAX biyu a 2018 da 2019, inda wata manhaja da ba a yi wa matuƙa bayaninta ba ta dogara da ma'auni ɗaya tak. Ba manhaja mai koyo ba ce, amma illar ɓoye dalili ɗaya ce.

Ina kira ga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, da gwamnatocin da ke ɗaukar waɗannan jirage aiki, kafin su sa hannu, su nemi a nuna musu a rubuce abin da jirgin zai yi a kowace irin lalacewa, da dalilinsa.