DARASI: TELA MAI GYARAN ƁARNAR YARA

A kowane shagon ɗinki akwai wanda aiki yake komawa hannunsa idan ya ɓaci. Shi ne babban tela. Yaro ya ɗinka hannun riga a karkace, shi zai farke. Wani ya yanka wando ya gaza, shi zai sha faɗan mai kaya. Gab da Sallah abin ya fi tsanani.

Wannan aiki akwai gajiya. Farke ɗinki yana cin lokaci. Yadin da aka yanka ba daidai ba kuwa hasara ce. In gyara ya yi kyau, ba mai yabo. In ya ɓaci, sunan babba ake kira.

Ga yadda zai rage wa kansa wahala:

1. Ya ajiye littafin awo. A rubuta sunan mai kaya, tsawo, ƙirji da hannu da inci. Yadi ɗaya inci 36 ne. Mutum yana mantuwa, takarda ba ta yi.

2. Ya duba zanen alli kafin a sa almakashi.

3. Kada ya yi gyara shi kaɗai. Ya zaunar da yaron ya farke da hannunsa, ya sake ɗinkawa.

4. Ya yi faɗa a keɓe, ba gaban mai kaya ba.

Telan da ke gyara shiru zai yi ta gyara har ya tsufa. Wanda ke koyarwa kuwa, kullum gyaransa raguwa yake yi.

TAMBAYOYI

1. Inci nawa ne a yadi ɗaya?

2. Don me yaro zai farke ɗinkinsa da kansa?