Yadda Ake Zaɓen Motar Da Za Ta Ja Ƙaramar Tirela Zuwa Gona Da Kasuwa

Manomin Bacirawa da ƙauyukan da ke arewa da ita, har zuwa Minjibir da Dambatta, dako biyu ne ke cin kuɗinsa kowace shekara: fitar da taki zuwa gona da rani, da kwaso amfanin gona da kaka a kai gida ko kasuwar Dawanau. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dakon nan ya hau, don haka ba abin mamaki ba ne mai mota ya yi tunanin sa mai walda ya haɗa masa 'yar tirela mai ƙafa biyu ya riƙa ɗaurawa a baya. Tunanin yana da kyau. Shawarar da ake ba shi ce ba ta da kyau, domin duk wanda ya tambaya zai ce masa ya nemi mota mai ƙarfin inji. Inji shi ne abu na ƙarshe da za a duba. Kusan kowace mota, in an sa mata giya ta ɗaya, za ta motsa kayan da suka fi ƙarfinta. Abin da ke raba motar da ta dace da wadda ba ta dace ba shi ne ko za ta iya tsayar da kayan, da kuma ko jikinta zai jure fizgarsu shekara da shekaru.

Mataki na farko, kafin ka je wurin dillali, lissafa kayanka. Babban buhun gero ko masara yana kai kilo 100, buhun takin zamani kilo 50. Sai ka ƙara nauyin ita kanta tirelar, wanda shi ne aka fi mantawa da shi, alhali wadda aka haɗa da ƙarfe mai kauri da ƙafafun tsohuwar mota tana iya kai kilo 300 ko fiye tun ba a ɗora mata komai ba. Harawa da kara cika ido kawai suke yi, ba su da nauyi. Takin gida kuwa, musamman mai danshi, da yashi da burji, suna ninka abin da ido ya kimanta. Yi lissafin da kayan da suka fi nauyi a shekararka, kada ka yi da na kullum.

Mataki na biyu shi ne birki, kuma nan maganar take. Yawancin tirelolin da ake haɗawa a wurin masu walda ba su da birkin kansu, birkin motar ne kaɗai zai tsayar da mota da tirela da kaya. Kamfanonin mota sun daɗe da sa iyaka a kan wannan: tirela marar birki kada ta wuce kilo 750 da ita da kayanta, ko da Hilux ce ke janta. A Ingila an ƙara wani sharaɗi, cewa kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. Auna wannan da motocin da muke da su. Golf 3 nauyinta tan ɗaya ne da 'yar ɗoriya, rabinsa kilo 500 da wani abu. Cire nauyin tirela, abin da ya rage buhu biyu ne, wanda bai kai wahalar walda ba. Ko da babbar mota, tirela marar birki buhu huɗu za ta ɗauka. Wanda ke son kai buhu goma ko goma sha biyar a sawu ɗaya, dole ya haɗa abu biyu: mota mai nauyi, da tirelar da aka sa wa birki irin wanda ke kamawa da kansa idan ta turo motar daga baya. In babu wannan birkin, komai girman injin, maganar buhu goma ta mutu.

Za a ce ai kullum muna ganin Golf da Sharon sun sha lodi har saman rufi suna shiga Dawanau lafiya. Gaskiya ne, amma kayan da ke cikin mota daban, kayan da ke bayanta daban. Na ciki suna danne tayoyin motar a ƙasa, birki ya samu abin kamawa. Na tirela kuwa turo motar suke yi, kuma idan aka taka birki a kan kwana sai su tura bayanta gefe, mota da tirela su naɗe. Za a kuma ce ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara. Wannan ya sauƙaƙa wa inji, bai sauƙaƙa wa birki komai ba. A titin Katsina abin da ke sa a taka birki da gaggawa ɗan Adaidaita ne da ya tsaya ba sigina, ko akuya, ko yaro da ya tsallako, kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi.

Mataki na uku, karanta farantin motar, kada ka dogara da bakin dillali. Motocin Beljiyam da aka ƙera domin kasuwar Turai suna da wani ɗan faranti ko takarda a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet, mai lambobi huɗu na kilo a jere. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Na biyu iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Na uku da na huɗu nauyin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka. Cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kimanin nauyin tirela mai birki da kamfani ya yarje wa motar. Misali, in ka ga 2,700 a sama da 4,900 a ƙasansa, tirelarka da kayanta kada su wuce kilo 2,200. Idan gurbin lamba ta biyu babu komai, kamfanin bai yi motar domin ja ba, ka bar ta. Motocin da suka zo daga Amurka, irin su Sienna, takardar ƙofarsu ba ta cika kawo lambar haɗin ba, sai an duba littafin motar. Ka kuma tuna lambobin nan na sabuwar mota ne. Wadda ta shekara 20 tana aiki, ka rage mata kashi ɗaya cikin biyar, ka huta.

Mataki na huɗu, shiga ƙarƙashin motar da bakaniken da kai ka kawo. Motar ja ita ce mai shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka ɗora bodi a kansu, kuma mai tura kanta da ƙafafun baya: Hilux, Mitsubishi L200, ko tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura irin wadda aka haɗa a Kaduna, in har an samu wadda tsatsa ba ta cinye ba. Dalilin ƙafafun baya a fili yake. Tirela na danne bayan mota ta ɗage gabanta, to motar da ke ja da ƙafafun gaba sai ta rasa kamun ƙasa daidai lokacin da take bukatarsa, tayoyi su yi ta juyawa a rairayin burtali. A duba ko an taɓa yi wa shasin walda bayan haɗari, a duba sifirin na baya ko akwai karyayye. Ƙugiyar ja kuma a jikin shasi ake ɗaure ta da manyan kusoshi. Walda ta a jikin bamba, kamar yadda wasu ke yi don arha, ganganci ne da rayukan mutanen da ke bayanka a hanya, haka ma ja ba tare da sarƙar tsaro ba. Ita kuwa Hijet, da take burge mutane saboda ƙarancin shan mai, a Japan kilo 350 aka ƙayyade mata. Ta ɗauki nata a bayanta, kada a ƙara mata tirela.

Sai yanzu a zo kan inji, kuma abin dubawa a nan zafi ne. Ja da tafiyar hawainiya a cikin yashi a watan Afrilu shi ke tafasa lagireto, don haka a tabbata ba ya yoyo, fanka na aiki, allurar zafi kuma tana motsi ba a kashe ta ba. Giyar hannu ta fi dacewa da mu: kuloci in ya ƙone ana samunsa a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma kowane bakanike zai canza shi, giya mai sarrafa kanta kuwa in manta ya ƙone gyaranta na iya cin kuɗin amfanin gonar shekara. Injin gas ya fi ja a ƙaramin gudu. Mai ja da ƙafa huɗu tana da amfani ga wanda gonarsa ke fadama ko yake shiga da damina, amma wanda aikinsa na rani ne da kaka bai kamata ya biya kuɗinta ba. Tayoyi su zama na ɗaukar kaya, masu harafin C ko LT a jiki, a kuma duba lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka yi su, domin tayar Beljiyam mai kyan zane na iya zama ta tsufa ta bushe.

Kada ka biya sai ka gwada da kaya. Jera buhunan yadda mafi yawan nauyin zai kasance gaban ƙafafun tirelar kaɗan, kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin ya sauka a kan ƙugiya. In nauyin ya koma baya, tirela za ta fara kaɗa wutsiya da zarar an ɗan yi gudu, kuma maganinta a sassauta totur a hankali, ba a danna birki ba. Ka tsaya gefe ka duba: in bayan motar ya zauna, fitilun gaba suna kallon sama, motar ta yi ƙarama. A haɗa wa tirelar fitilun birki da sigina, saboda masu dawowa daga kasuwa bayan magariba, ba don tsoron 'yan KAROTA kaɗai ba.

Saura ƙorafi mafi ƙarfi, cewa motar da ta cika sharuɗɗan nan ta fi ƙarfin aljihun yawancin manoma. Haka ne, kuma amsarsa ba ita ce a tilasta wa ƙaramar mota ba. Gonakin wannan yanki ƙanana ne, kusa da gida suke, kuma amalanken shanu na shiga lungun da mota da tirela ba za su iya juyawa ba. Wanda babban dakonsa bai wuce sawu kaɗan a shekara ba, hayar motar Kanta ranar da zai kai kaya Dawanau ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Sayen motar ja na wanda zai yi wa wasu dako ne a biya shi, ko 'yan'uwa da za su haɗa kuɗi su yi amfani da ita tare, kuma su ma sai sun ware kuɗin birkin tirela tun a lissafin farko.