Gidaje Masu Sauƙin Kuɗi: Abin da Ƙaramar Hukuma Za Ta Duba

Garin Kontagora, wanda Umaru Nagwamatse ya kafa a shekarar 1864, ya daɗe da wuce iyakarsa ta dā. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 150,000 a yankin ƙaramar hukumarsa. Ga barikin soja, ga Jami'ar Ilmi ta Tarayya, ga babbar hanyar da ta taso daga Jebba ta nufi Yawuri da Sakkwato, ga kuma mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka raba da muhallinsu suka shigo gari neman mafaka. Kowannensu yana bukatar wurin kwana. Saboda haka duk ranar da aka ce za a faɗaɗa wani rukunin gidaje, a ƙara benaye ko ɗakunan haya, ya kamata jama'a su san wanda zai duba aikin da abin da zai duba.

Darasi daga gidajen Shagari

A shekarar 1979 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudura gina gidaje 40,000 kowace shekara, wato 2,000 a kowace jiha daga cikin jihohi 19 na lokacin, haɗe da Abuja. Niyya ce mai kyau, amma har sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983 abin da aka kammala bai kai rabin abin da aka yi alkawari ba.

Waɗanda aka gama ɗin ma, da yawansu sun yi shekaru babu kowa ciki. An gina su can bayan gari, babu famfo, babu lantarki, babu motar haya. Leburan da aka yi dominsa ya lissafa kuɗin zuwa aiki da komowa, ya ga gara ya zauna a ɗakinsa na tsohon gari. Zanen ginin kuma kusan iri ɗaya ne daga Legas har Borno, alhali magidanci a ƙasar Hausa yana son zaure inda zai karɓi baƙo, da tsakar gida mai katanga inda iyali za su sake. Da an tambayi mai unguwa ko kansila tun kafin a aza tubali, da sun faɗi wannan a zama ɗaya.

Fili na wane ne?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris, 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana. Inda Gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da takardar mallaka. Inda bai ayyana ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama bisa al'ada, kuma doka ta tanadar mata kwamitin da zai ba ta shawara kan rabon filaye. To, gari yakan faɗaɗa ne ta gefensa, inda gonaki suke, watau daidai inda ikon nan biyu suke haɗuwa. A nan ne rigima kan taso.

Mai gona ya sani: idan aka karɓi filinsa don amfanin jama'a, doka ta ba shi diyya a kan abin da ya raya a wurin, kamar shuka da itatuwa da rijiya da gini. Ba ta sa wa ƙasar kanta farashi ba. Don haka kada ya bari katafila ta shiga kafin ma'aikata su zo su ƙirga, a rubuta, dagaci ya shaida, shi ma ya riƙe kwafinsa. Bayan an ture mangwaro, musu kan yawansa ba ya ƙarewa.

Me ake nufi da sauƙi?

Masana harkar gidaje a ƙasashe da dama suna da ma'auni: kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. Bisa wannan ma'auni, mai wannan albashi bai kamata hayarsa ta wuce Naira 21,000 a wata ba, wato Naira 252,000 a shekara. Idan mai gini ya zo gaban majalisa yana cewa gidajensa na talakawa ne, sai a tambaye shi ɗaki nawa ne za su tsaya a wannan farashi, har tsawon shekara nawa, a kuma sa amsar a rubuce. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, shi ma ya bincika ko gidan yana da takardun da bankin ba da lamunin gidaje na tarayya zai karɓa. In babu takarda, babu rance.

Sauran abin dubawa yana cikin Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ɗora wa ƙananan hukumomi hanyoyin cikin gari da magudanun ruwa da kwashe shara da sanya wa gidaje lamba. Gida ɗari idan ya zama ɗari uku, lambatun da aka haƙa wa ɗari ba zai ɗauki ruwansu ba. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayu 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150 a wannan jiha tamu ta Neja, ta isa ta sa kowane kansila ya taka da ƙafarsa ya ga inda ruwa yake bi da damina kafin ya sa hannu.

A dā ƙananan hukumomi sukan ce ba su da kuɗin waɗannan ayyuka. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyansu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk mai ƙorafi kan wani gini a unguwarsu, sai ya rubuta takarda ga shugaban ƙaramar hukuma ta hannun kansilan mazaɓarsa, ya aika kwafi ga hakimi da ofishin tsara birane na jiha, ya kuma nemi a buga masa hatimi da kwanan wata a kan wadda zai ajiye.