Kayan Fatsa Don Kogin Kaduna: Shawarwari Ga Magidanta

Mutumin Barnawa ko Narayi ko Nasarawa ba ya buƙatar kuɗin mota kafin ya isa bakin Kogin Kaduna. Kifi kuwa ya yi tsada a kasuwa, don haka ba abin mamaki ba ne maigida ko saurayi ya yi sha'awar fatsa, wani don tukunyar gida, wani don huce gajiyar mako. Sai dai yawancin kayan zamani da ake gani a bidiyon YouTube an ƙera su ne saboda kifin bas, wanda Amurkawa suka mayar da kamunsa gasa mai kuɗi. Babu bas a koginmu. Wanda ya fi kama da shi a ɗabi'a shi ne giwan ruwa, domin shi ma farautar ƙananan kifaye yake yi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, kogin da za ka je da kifin da ke cikinsa su ne za su zaɓa maka kaya.

1. Fara yanke shawarar kifin da kake nema. Karfasa bakinta ƙarami ne, tana kiwo kusa da ciyayin gaɓa, da rana ake samunta. Tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa 'yan ƙasan ruwa ne, da sansane suke neman abinci, kuma sun fi fitowa daga magariba zuwa asuba. Tsage mai haƙora ne, yana datse zare nan take. Giwan ruwa kuwa sha'aninsa daban. Bas mafi girma da aka yi rajistarsa a Amurka, wanda aka kama a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da ɗan ɗoriya, alhali kifin da ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ne. Irin waɗannan manya ruwa mai zurfi suke so, kamar tafkin Kainji. A cikin gari, abin da zai fi hawa ƙugiyarka karfasa ce da tarwaɗa da kurungu, don haka da su za ka yi lissafi.

2. Kada ka raina gora. Busasshiyar gora mai tsawon mita 3 zuwa 4, da zare daidai tsawonta, da ƙaramar ƙugiya, da guntun totuwar kara da zai riƙa yawo a kan ruwa yana nuna maka in kifi ya taɓa, sun isa kamun karfasa. Da ita ya kamata kowa ya fara. Wanda ya yi wata biyu da gora, ya ga har yanzu zuciyarsa na son zaman bakin kogi, shi ya cancanci ya kashe kuɗi a kan sandar kanti.

3. In za ka sayi sanda, nemi matsakaiciya, mai tsawon mita 2 zuwa 2.4. Ana yin su da abu biyu: faiba da kabon. Ta kabon ba ta da nauyi, kuma ko ɗan motsi kifi ya yi za ka ji a hannunka, amma tana da tsada, kuma in ta bugu da dutse ko aka danne ta a cikin Keke Napep tana iya tsagewa ba ka sani ba, sai ranar da kifi ya ja ta karye. Ta faiba ta fi nauyi, ta fi juriya, ta fi araha, kuma ita nake ba gida mai yara shawara. Mai gaɓa biyu da ake haɗawa ta fi ƙarko a kan wadda ake zuƙewa cikin juna, domin yashi na shiga gaɓoɓin ta biyun ya cije su. Dubi rubutun da ke saman mariƙi: za ka ga nauyin da sandar ke iya jefawa, giram 10 zuwa 40 ya wadatar. Sannan ka zura ɗan auduga cikin kowane zoben da zare ke bi. In auduga ta maƙale, zoben ya tsage, kuma zai riƙa cin zarenka a hankali. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: sandar kabon tana ɗaukar lantarki. Kada ka ɗaga ta a ƙarƙashin wayar wuta, kuma da hadari ya haɗo aka fara walƙiya, kwantar da ita ka bar wurin.

4. Injin naɗe zare shi ne inda ya kamata mafi yawan kuɗinka ya tafi. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa a tsaye yake, zare ne ke warwarewa daga bakinsa in ka yi jifa. Akwai kuma wanda ke zaune a saman sanda, kwarkwaronsa na juyawa, shi ne masu gasar bas suka fi riƙewa. Wannan na biyun sai gwani: in kwarkwaro ya fi zare gudu, zaren zai cukurkuɗe, ka ɓata yammacinka kana warwara. Sayi na ƙasa, mai lamba 3000 ko 4000.

Abin dubawa na farko a jikinsa shi ne birki, wato murfin da ke gaban kwarkwaro, wanda ake murɗawa a ƙara ko a rage. Aikinsa ya saki zare kaɗan-kaɗan idan kifi ya ja da ƙarfin da zai iya tsinka shi. Da wannan ne ake gajiyar da kifin da ya fi zaren ƙarfi. A gaban mai kaya, ɗaure birkin rabi, ka ja zaren da hannu. In ya fito sumul, madalla. In yana fizga yana tsayawa, ajiye shi, ko da an rage maka kuɗi. A gida kuma ga yadda za ka saita shi: ana so birki ya fara saki a kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In zarenka na kilo 6 ne, zuba lita 2 a galan, ɗaura a bakin zaren, ka ɗaga a hankali, ka yi ta sassauta murfin har zare ya soma fita daidai lokacin da galan ke barin ƙasa.

Kada yawan boris da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Inji mai boris 4 na kirki ya fi mai 12 na banza. Lambar da ke kama da 5.2:1 tana nufin juyi ɗaya na hannu yana naɗa zare sau biyar da ɗoriya, kuma wannan ya isa duk kifin da ke kogin nan. Shimano da Daiwa na Japan sun yi suna, shi ya sa jabunsu ya yi yawa. In ka ga sabo fil da sunansu a farashin da bai kai na takalmin makaranta ba, ka san ba shi ba ne. Na gwanjo mai asali, in hannunsa ba ya girgiɗi kuma birkinsa lafiya, ya fi sabon jabu.

5. Zare kuwa, na lilo shi ne na kowa. Kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25 na karfasa ne, 0.30 zuwa 0.35 na tarwaɗa da matsakaicin giwan ruwa. Akwai saƙaƙƙen zare mai tsada, siriri mai ƙarfi, amma duwatsun Kogin Kaduna, waɗanda kowa ke gani in ruwa ya ja da rani, suna yanke shi da sauri fiye da na lilo. Rana tana kashe zaren lilo, saboda haka kada ka sayi wanda aka shanya a tebur yana shan zafi, kuma ka sauya naka duk shekara. Kafin ka ja ƙulli ya ɗaure, jiƙa shi, domin busasshen ƙulli yana ƙona kansa. Inda ake samun tsage, sa siririyar waya kamar taƙi ɗaya tsakanin zare da ƙugiya.

6. Lambar ƙugiya a juye take: in lamba ta hau, ƙugiya ta ƙanƙance. Lamba 8 zuwa 12 ta karfasa ce. Manya su ne masu 1/0, 2/0, 3/0, kuma su tarwaɗa ke so. Gwada kaifinta a kan farcenka: mai kaifi tana kamawa, dakusasshiya tana zamewa. Wadda ta yi tsatsa a jefar da ita inda yaro ba zai taka ba.

Maganar dalma ita ce ta fi damuna a duk wannan sha'ani. Ana sa ta ne don ta nutsar da ƙugiya, amma guba ce. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Kada ka matse ta da haƙori, kada ka narka ta tsohon batir a murhun da ake girki, kada ka bar ta inda mai rarrafe zai kai baki. Tsohon noti ko mataccen fulogi daga garejin makanike yana yin aikin, kuma in ya maƙale a dutse ba ka yi asarar komai ba.

7. Abincin ƙugiya yana bin lokaci. Da damina ruwan kogin jawur yake, kifi ba ya gani sosai, sai abu mai wari ko mai motsi: tana, hanjin kaza, ɗan kwaɗo, ko shinge in ruwan farko ya sauka. Karfasa tana son tana da dusa da aka cuɗa da ƙuli-ƙuli. Kifin roba da cokali mai walƙiya, waɗanda ake jefawa ana janyowa don su yi kamar ƙaramin kifi mai rauni, lokacinsu daga Nuwamba ne zuwa ƙarshen rani, sa'ad da ruwa ya kwanta ya yi haske. Da su ake neman giwan ruwa da tsage, da sassafe ko gab da magariba, a gefen duwatsu da inda ruwa mai gudu ya faɗa gurbi mai zurfi. Guda uku sun isa: cokali fari, cokali ruwan zinariya, da kifin roba ɗaya mai tsawon ɗan yatsa. Akwatin nan mai kala hamsin na kanti ado ne kawai a ruwanmu.

8. Kayan kirki ba sa gyara mugun wuri. Kogin yana wuce Barnawa kafin ya kai Makera da Kakuri, inda magudanan unguwannin masana'antu ke zuba cikinsa. Ko da yake yawancin masaƙun da suka fara da KTL a 1957 sun rufe, magudanan ba su daina kwaso ƙazantar gari ba. Kogin Romi kuma ta wajen matatar mai yake bi. Kifin da iyali za su ci, a neme shi sama da waɗannan mahaɗu, kuma duk wanda aka ji yana warin mai ko aka tsince shi a mace yana yawo, a bar shi.

In ka isa, yi wa masuntan wurin sallama. Sana'arsu ce, sun san inda suka kafa kalli da mamari, kuma gaisuwa ɗaya za ta sa su nuna maka gurbin da za ka yi shekara ba ka gano ba. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana zuba guba da jefa nakiya da sa lantarki a ruwa. Wanda ka ga yana yi, yana kashe abincin unguwa ne gaba ɗaya, har da 'ya'yan kifin baɗi, kuma ya dace mai unguwa ya sani. Ƙananan da ba su kai ci ba, a mayar da su ruwa.

A Agusta da Satumba kogin ba abin wasa ba ne. Mazauna bakinsa ba su manta ambaliyar 2003 da ta 2012 ba. Ruwa na iya ƙaruwa ko ba a yi ruwan sama a gari ba, domin daga tsaunukan Jos yake tasowa. Ramukan da masu ɗibar yashi suka bari ba a ganinsu daga sama. Yaro ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ba ya shiga ruwa ciro ƙugiyar da ta maƙale: a tsinke zaren. Yawan tsayuwa cikin ruwan gaɓa ma yana jawo tsargiya.

9. Riƙe kurungu da tarwaɗa da tsumma, ta bayan ƙayoyin gefe, domin sukarsu na da raɗaɗi. Minjirya kuwa kada ka taɓa ta da hannu, tana jan mutum kamar wutar lantarki.

10. In an dawo gida, uwargida ta san inda kayan suke, kuma wurin ya fi ƙarfin hannun yara. Ƙugiyoyi a gwangwani mai murfi. A goge sanda da inji da jiƙaƙƙen tsumma, a sassauta birki gaba ɗaya kafin a ajiye don kada fatunsa su danne, a ɗiga man keken ɗinki a hannu da sandar kwarkwaro lokaci-lokaci. Da hunturu a sa injin cikin jaka saboda ƙura. In ƙugiya ta shige yatsa har ta wuce ƙayarta, kada a fizge ta baya. A yanke zaren, a rufe wurin da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti a cire, a kuma yi allurar riga-kafin tetanos.