Alkukai Biyu na Azurfa: Darasi a kan Tuba

Sau da yawa mukan zaci sai mutum ya gyara halinsa tukuna Allah zai yi masa jinƙai. Labarin Jean Valjean, cikin littafin Les Misérables wanda Victor Hugo na ƙasar Faransa ya wallafa a 1862, yana koya mana cewa jinƙai ne yakan fara zuwa, sa'an nan tuba ta biyo baya.

Valjean ya saci burodi domin 'ya'yan 'yar'uwarsa bakwai da ke fama da yunwa. Aka yanke masa shekara 5 a kurkuku, yawan yunƙurin tserewa ya mai da su 19. Ya fito a 1815 zuciyarsa ta taurare, ko'ina ana korarsa. Bishof Myriel na garin Digne ya ba shi abinci da makwanci, shi kuwa ya tashi da dare ya kwashe cokulan azurfa. Da 'yan sanda suka komo da shi, bishof ya ce kyauta ce, har ya ƙara masa alkukai biyu na azurfa.

Valjean bai sake nan take ba. A ranar nan ya ƙwace kuɗin wani ƙaramin yaro, sai a lokacin ya ga munin halinsa, ya fashe da kuka.

Babban gwaji ya zo bayan shekara 8. Ya riga ya zama magajin gari da sunan Madeleine, sai aka kama wani talaka, Champmathieu, aka ce shi ne Valjean. Da ya yi shiru, da ya tsira. Amma ya tafi kotun Arras ya bayyana kansa, ya rasa muƙami da mutunci da 'yanci, domin kada marar laifi ya ɗauki hukuncinsa.

Haka ya faru da Zakka (Luka 19:1-10): Yesu ya fara shiga gidansa kafin ya yi alkawarin mayar da abin da ya zalunta ninki huɗu. A Sakramentin Tuba gafara kyauta ce, amma tana neman mu mayar da hakkin mutane.

Mu tambayi kanmu: wa yake shan wahala yau saboda laifin da muka ɓoye? Wane wanda ya fito daga kurkuku muka rufe wa ƙofa? Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciya mu faɗi gaskiya, ko da za ta jawo mana hasara. Amin.